Addu'ar da ke tambayar gawa addininta

Ƴan uwana matasa, bari in fara da laifin da na yi, tunda har yau akwai waɗanda ba su gama yafe mini shi ba.

Kowace shekara cikin watan Nuwamba ikilisiyoyi a duniya suna ware Lahadi guda don yin addu'a saboda masu bi da ake tsananta wa. Mu ma nan Ɗan Gulbi muna yi, duk da ba mu da yawa. Ƴan gidaje ne da ma'aikatan da gwamnati ta turo aiki, tabarma uku ta ishe mu. Bana takardar addu'ar ta zo ta WhatsApp cikin faransanci, anka juya ta Hausa, anka miƙo mini in karanta don ni ce ƴar lise. Na karanta Koriya ta Arewa, anka ce amin. Na karanta Eritiriya, anka ce amin. Pakistan, amin. Da na kira sunan Leah Sharibu, wadda anka sace a Dapchi tun Fabrairun 2018 kuma har yau ba ta ga gida ba, mata sunka ɗaga murya, har da masu share hawaye da bakin zane. Takarda ta ƙare, ni kuwa bakina bai ƙare ba. Na ce mu tuna kuma da mutanen Fambita, cikin komin ta Kokoru a jihar Tilaberi, mutum 44 da anka kashe suna tsakiyar sallar Juma'a ran 21 ga Maris na 2025, cikin azumi; Ubangiji ya ta'azantar da matansu da marayunsu. Na saurara. Amin biyu na ji. Guda ta innata ce, ita ma ciki-ciki.

Da anka tashi, wani dattijon ikilisiya, mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ina ƙarama, ya kira ni gefe. Ya ce, «Ɗiyata, mi ya kai ki? Wagga rana tamu ce. Su waɗancan suna da masallatai dubu da za su yi musu addu'a. Mu wa gare mu?» Na durƙusa na ce, «Baba, ai mutane ne.» Ya ce, «Ban ce ba mutane ba ne. Amma ba su cikin takarda.»

Ba su cikin takarda. Wannan magana ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki bik. Abin da nake son in faɗa gajere ne: addu'ar da sai ta tambayi gawa addininta kafin ta ce amin ta sauka daga matsayin addu'a, ta koma ƙidaya. Kuma mu da muke tsiraru mun fi kowa asara in munka bari ta zama haka.

Kada wani ya yi saurin tafa mini, yana zaton na zo in ce ba a tsananta wa Kirista a ƙasar nan. Ana yi, kuma jiki magayi. A ƙidayar 2012 ba mu kai kashi 1 cikin 100 na ƴan Nijar ba. A Nuwamban 2000, lokacin boren da anka yi kan bikin nuna tufafi na FIMA a Yamai, wutar ta iso Maraɗi, ta ci majami'a da gidajen matan da ba su da mai tsaya musu. Ran 16 da 17 ga Janairun 2015, saboda zanen da wata jarida ta buga a Paris, anka bi majami'u da wuta a Damagaram da Yamai. Mutum 10 sunka mutu, ƴan sanda da bakinsu sunka ƙirga majami'u 45 da anka ƙona a Yamai kaɗai. A Satumban 2018 anka sace limamin Katolika Pier Luigi Maccalli a Bomowanga, ya kwashe shekara biyu a hannun masu bindiga. A tsakiyar Yunin 2019 anka kama wani limami a Maraɗi kan sukar dokar tsara harkokin ibada, ba Kirista ya kama shi ba, ba Kirista ya rubuta dokar ba, amma majami'ar unguwar Zariya ce ta kwana toka.

A 2015 shekarata takwas. Ina tune da Babanmu manne da rediyo, Inna kuwa ta cusa Littafi Mai Tsarki cikin buhun wake ta ɗaure baki. Ba wanda ya zo gidanmu, ba wanda ya jefe mu ko da tsakuwa, amma mun kwana da takalma a ƙafa. Don haka in Baba ya ce mu wa gare mu, na san ramin da maganar ta fito. Tsoro ne na gaskiya, kuma wanda bai taɓa zama shi kaɗai cikin aji ana kallonsa in an ambaci kafirai ba, kada ya koya mini yadda ake jinsa.

To amma mu dubi maganar tasa da kyau, don tana da ƙafa biyu. Ta farko, rana ce da anka keɓe, kamar yadda in ana zaman makokin wane ba a kawo na wane. Ta biyu, masu yawa suna da masu yi musu, mu ba mu da kowa.

Ta farkon ba ta tsaya ba, don masu kisan guda ne. Waɗanda sunka kori Kiristoci daga ƙauyukan yammacin Tilaberi, irin tunaninsu da irin bindigarsu ne sunka zagaye masallacin Fambita. Su ne sunka kashe mutum kusan 100 a Coma Bangu da Zarumdarai ran 2 ga Janairun 2021. Su ne sunka kashe 137 a yankin Tiliya, jihar Tawa, cikin Maris na wannan shekarar. Ko a Dapchi ɗin da muke kuka a kai, ƴan mata 110 anka kwasa, biyar daga cikinsu ba su dawo da rai ba. Leah ta ƙi sakin bangaskiyarta, kuma ina alfahari da ita fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma biyar ɗin nan fa? Su ma daga lakwal guda anka kwashe su tare da ita. Wane ne cikinmu ya taɓa ce musu amin? Makoki ɗaya ne, gidan ne ke da ɗakuna da yawa. Mu mun shiga ɗaki guda mun jawo ƙyaure, muna cewa sauran kukan da muke ji ta bango ba namu ba ne.

Ta biyun kuwa, wato suna da masu yi musu, ita ce ta fi ba ni mamaki daga bakin mai bi. Tun yaushe addu'a ta zama rabon tallafi, da za a ce wancan ƙauye ya riga ya samu, a kai wa wanda bai samu ba? Ko ana tsoron kada alherin Allah ya ƙare kafin layi ya zo kanmu? Almasihun da muke bi bai tsaya kan maƙwabci ba ma, har maƙiyi ya sa cikin waɗanda za a yi wa addu'a. In an umarce ni in roƙa wa wanda ya riƙe ashana, ta ƙaƙa za a hana ni roƙa wa wanda anka yanka kan sallaya?

Akwai kuma abin da ban iya faɗa wa Baba ba a ranar, don kunya. Takardar nan ba a Ɗan Gulbi anka rubuta ta ba, ba a Dakoro ba, ba a Maraɗi ba. Waɗanda sunka rubuta ta ina kyautata musu zato, mutane ne masu tausayi a wata ƙasa mai nisa, sun zaɓi aikinsu, su ƙirga Kiristocin da ke shan wuya. Wannan ƙirgar tana da amfaninta. Amma wanda ke nesa yana iya ganin launi biyu kawai, mu da ke zaune cikin abin ba mu da wannan uzurin. Ni na san wadda ta zauna ƙofar gidanmu a daren nan na 2015. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwa, da carbinta a hannu. Ta shimfiɗa buhu ta zauna har bayan lisha, ba ta ce komi ba sai «ina nan». Ita ma ba ta cikin takarda.

Kuma ku lura da inda ƙirga irin wannan ke ƙarewa in ta faɗa hannun masu mulki. A farkon Nuwamban 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya yi barazanar auka wa Najeriya da soja, da sunan kare Kiristoci. Na ga wasu namu suna ta tura bidiyon da murna, wai an samu mai share mana hawaye. Cikin watan nan dai, sati guda, anka sace ɗalibai mata 25 a Maga ta jihar Kebbi, anka kuma kwashe ɗaruruwan yara a makarantar Katolika ta Papiri a jihar Neja. Ɓarayin ba su duba takardar kowa ba. Mu kuwa da mun yi hankali da mun tuna darasin 2015: zane a Paris, toka a Damagaram. Duk ranar da wani mai ƙarfi daga waje ya ɗaga hannu da sunanmu, ba shi zai biya ba. Masu tabarma uku ne za su biya, a garuruwan da ko jandarma sai an yi tafiya kafin a gan shi. Abin da ke tsaron ɗan ɗakin sujadarmu ba jirgin yaƙi ba ne, tsohuwar nan ce da buhunta. Addu'ar da ke koya wa ƙannenmu cewa mutuwar ɗanta ba ta shafe mu ba tana sare reshen da muke zaune a kai.

Akwai wani labari cikin Ayyukan Manzanni, sura 12, da nake so tun ina ƴar makarantar Lahadi. Hirudus ya kulle Bitrus, masu bi sunka taru gidan Maryamu suna ta yi masa addu'a cikin dare. Allah ya fito da shi, ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wata baiwa, Roda, ta gane muryarsa, ta ruga ciki ta faɗa. Masu addu'ar sunka ce ta haukace. Su suna ciki suna roƙo, amsar roƙon tana waje tana bugun ƙyaure. Duk lokacin da na karanta sai in yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya mini a wuya, don hotonmu ne. Muna kiran Koriya ta Arewa, wadda ko a taswira sai mushe ya nuna mana ita, alhali tun 2019 mutane sunka fara kwararowa jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, sama da 40.000 cikin 2019 kaɗai, suna gudun ƴan bindiga. An zaunar da wasu a Garin Kaka, wasu a Ɗan Daji Makau, wasu a Cadakori, nan kudu da mu. Hausarsu tamu ce, hurarsu tamu ce. Mutanen yankin yaƙi da muke cewa a tuna da su ga su nan, kabu-kabu na iya kai ka wurinsu ka dawo kafin magariba. Tun 2019 suke ƙwanƙwasawa. Sau nawa munka tashi daga tabarma?

Yanzu bari in juyo gare ku, ƴan fada, masu shayi da dariya. Na san abin da za ku ce, don kun sha faɗa mini: addu'a ba ta tare harsashi, ku da limamai duk ɓata lokaci kuke. Gaskiya ne ban taɓa ganin amin ta lanƙwasa bakin bindiga ba. Mutanen Fambita suna cikin addu'a anka same su. Amma ku gaya mini, a garin da ba jarida, ba ɗakin karatu, ina ne kuma mutane ke taruwa kowane sati a kira musu sunan wanda ba su taɓa gani ba, a ce su damu da shi? Masallaci ne da majami'a. A nan ake koya wa zuciya wa za ta yi wa kuka, wa kuma za ta tsallake. Yaron da ya tashi yana jin ana roƙa wa ɗiyan wane kowace Juma'a ko kowace Lahadi, da wuya a ba shi galan na fetur a nuna masa gidansu ya tafi. Yaron da bai taɓa jin an ambace su ba sai da zagi, rabin aikin an riga an yi. Waɗanda sunka ƙona majami'u a 2015 ba daga sama sunka faɗo ba, yawancinsu matasa ne kamarmu. Saboda haka wanda ya ce abin da ke cikin takardar addu'a ba komi ba ne bai san inda ake ƙera gobe ba.

Ku kuma ƴan uwana Musulmi, waɗanda muke raba kaye da bik da tuwo tun aji ɗaya, na san ku ne mafi yawan masu karanta wannan ɗan littafi, kuma ban rubuta shi don in ba ku sandar dukan ƴan ikilisiyata ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Ku ma kuna da taku takarda, ko da ba a rubuce take ba. Na ji ana alƙunutu saboda Gaza, kuma daga tsakar gidanmu na ce amin, don abin da ake yi wa mutanen can ya wuce a yi shiru. Amma kun san cewa a Gaza akwai Kiristoci Falasɗinawa, kuma a Oktoban 2023 bam ya faɗa harabar tsohuwar majami'ar Porfiriyus ya kashe waɗanda sunka fake ciki? Su suna cikin alƙunutun? Da majami'ar unguwar Zariya ta ƙone, masallatai nawa sunka ambace ta ran Juma'ar da ta biyo? Ku kuka koya mini a fada cewa lokacin da anka tsananta wa Musulmin farko a Makka, Habasha sunka gudu, Najashi sarkin Kiristoci ya ba su mafaka ya ƙi miƙa su ga masu neman su. Ban ji cewa sai da ya duba takarda ba. In kun yarda da wannan tarihi, to ranar da wani ya sake cewa a je a ƙona, ina son in ga wanda zai shimfiɗa buhu a ƙofa.

Mu duka kuma muna da wata makanta guda: sai yaƙin da salula ta nuna mana muke gani. Sudan na cin wuta tun Afrilun 2023, fiye da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, kuma akwai Hausawa can, jikokin mahajjata da mutanen Mai Wurno. Ba su shiga takardarmu ba don yawancinsu Musulmi ne. Ba su cika shiga taku ba don mai kisan ma Musulmi ne, ba a san wa za a la'anta ba. Gawar da ba ta da amfani ga gardamar kowa ita ce ke kwana ba addu'a.

Wanda ya fi mini wuya shi ne na ƙarshe, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na iya ba: masu bindigar kansu. Da yawansu sa'o'inmu ne, wasu ma ƙannenmu. Na gwada sa su cikin roƙona, harshena ya yi nauyi. Amma in ban roƙi Allah ya juyo da su ba, saura abin da ya rage in roƙa shi ne a kashe su duka, kuma mun ga shekara goma ana kashewa ana ƙaruwa. Roƙon shiriya gare su bai hana a kama su a hukunta ba. Yana dai hana ni zama irinsu ta ciki, mai ganin mutane a matsayin lamba.

Ga abin da nake nema, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Kada a goge suna ko guda daga takardar Nuwamba. Leah ta zauna, Eritiriya ta zauna, Damagaram ta 2015 ma a ƙara ta don ƙannenmu su sani. Amma a bar mana farin wuri a ƙasanta mu cika da hannunmu. Na sayi kaye na dala ashirin na fara rubuta sunayen garuruwan da nake ji a rediyo, ba tare da na sa addini a gefe ba; duk wanda ke da suna ya kawo, Musulmi ko Kirista. Na biyu, Nuwamba lokacin kaka ne, lokacin baikon godiya. Kowane gida ya ware tiya guda ta hatsi, mu ɗiyan makaranta mu haɗa da ta abokanmu na fada, mu nemi hanyar da ta dace mu kai wa waɗanda sunka gudo, mu zauna mu sha ruwansu mu ji sunayensu. Tiya ba ta maganin yaƙi, na sani. Tana dai buɗe ƙyauren da Roda ta bari a rufe.

Baba, in wannan ɗan littafi ya zo hannunku, ku yi mini gafara in harshena ya yi kaifi. Ban raina tsoronku ba, a cikinsa anka haife ni. Ku kuka koya mini karatun Littafi tun ban san baƙi ba, abin da na samu ciki ne nake dawo muku da shi. Baɗi in an ba ni takardar zan karanta ta duka, in kuma buɗe kayena in ci gaba. In an ba wani, zan jira ya gama in faɗi nawa daga kan tabarma. Abin da nake roƙo gare ku guda ne: in na kira Fambita, ku ce amin yadda na baya za su ji.